Tafarnuwa ba ta kama maye

Juma'a biyu da suka wuce, bayan la'asar, Jauron unguwarmu a nan Garwa ya tara iyaye a ƙofar gidansa kan maganar gidan kallo. Wanda bai san wurin ba sai ya ɗauka wani babban abu ne. Rumfar kwano ce da benci takwas, talabijin guda a kafe a bango, sai janareto mai tari idan wuta ta ɗauke. Shiga dala ashirin, ranar ƙwallon Turai dala arba'in. Abin da ya tada ƙurar shi ne ɗan wani maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara tara, ya kwana uku yana firgita cikin dare, yana cewa ga wani mai dogayen farata tsaye a bakin ƙofa. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Sai daga baya yayansa ya amsa cewa tare suka saci jiki suka je kallon Nosferatu.

Wani dattijo da duk muke kira Baffa ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da ja da fim ɗin 'yan sanda, ko ba komai yaro zai ga ƙarshen ɓarawo. Amma wannan na masu shan jini, a hana shi kwata-kwata. Tsafi ake koya wa 'ya'yanmu." Kowa ya ce haka ne. Ni kaɗai na nemi izini na ce ina da gyara, kuma tun kafin in kai aya wani ya ce, "Malam, ashe kai ma ɗan kallo ne." Aka yi dariya, magana ta mutu. To, abin da ban samu na faɗa a kan tabarma ba shi zan faɗa a nan.

Ɗan shekara tara ba shi da abin yi a gaban irin wannan fim, wannan ba abin musu ba ne, kuma mai rumfar da ya karɓi kuɗinsa ya yi laifi. Inda na rabu da Baffa shi ne rabon da ya yi, wai na shan jini guba ne, na 'yan sanda darasi. Na daɗe ina kallon iri biyun, kuma a ganina ƙarya ɗaya suke sayarwa, sai dai wanda Baffa ya wanke ya fi ɗayan iya sayar da ita. Ƙaryar ita ce: mugu yana da alama, ana gane shi ba tare da kuskure ba, kuma da zarar an gane shi, duk abin da aka yi masa halal ne.

Wani ɓangaren rikicin ma daga suna yake. A Hausarmu idan aka ce 'yan shan jini, hankali yana zuwa kan matsafan da ake cewa suna ba da ɗan'uwa don su yi kuɗi. Na fim ɗin Turawa wani abu ne daban. Gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana tashi da dare ta tsotsi jinin masu rai, rana na fitowa ta koma akwatinta. Wanda ya ba ta sunan da duniya ta sani shi ne Bram Stoker, mutumin Ailan, da littafinsa Dracula na 1897. A 1922 wasu Jamusawa suka ɗauki labarin ba da izini ba, suka sauya sunaye, suka yi fim marar magana suka kira shi Nosferatu. Matar Stoker ta kai su ƙara, kotu ta ce a lalata kwafin fim ɗin, amma wasu suka tsira. Shi ne Robert Eggers ya sake yi a ƙarshen 2024, wanda ya hana ɗan maƙwabcina barci.

Na kalle shi, kuma gaskiya ban ji tsoro ba. Kyan hoto kam akwai shi, duhu da sanyi da ɓeraye cike da titi, har sai ka ji kamar ka jawo bargo alhali kana Garwa a watan Afrilu. Amma dodon nasu baƙo ne gare mu ta kowace fuska. Yana kwana a akwatin gawa, mu ko matattunmu ba ma sa su a akwati. Yana zaune a ƙaton gidan dutse kan tsauni, yana sa hannu a takardar cinikin gida kamar wani notaya. Samarin da ke bayana gashin bakinsa suka riƙa yi wa tsiya, wani ya ce kamar tsohon jandarman da ya yi ritaya. Abin da ya tsaya mini a rai wuri ɗaya ne, inda mutanen ƙauye suka fita da dare suka tone kabari suka soke gawa da ƙarfe. Wannan ba ƙirƙirar mai fim ba ce. A ƙarni na 18 mutanen Sabiya da maƙwabtansu sun yi ta tone kaburbura suna sokewa suna ƙonawa idan mace-mace sun yi yawa a gari, har sai da sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta hana a 1755, bayan likitanta ya bincika ya ce jahilci ne. Ka ga kenan su ma sun taɓa gaskatawa. Yau wasa ya zame musu, shi ya sa suke iya biyan kuɗi su shiga su ji tsoro su fito suna dariya.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Sinners na Ryan Coogler, na 2025. Labarin wasu tagwaye ne baƙar fata, Michael B. Jordan ya fito a duka biyun, da suka koma garinsu a jihar Misisifi a 1932 da kuɗin da suka samo a Shikago ta hanyar da ba a tambaya. Suka sayi tsohon wurin yankan katako a hannun wani Bature, suka buɗe gidan rawa don manoman auduga su samu inda za su huce gajiya. Duk wanda ya girma a ƙasar auduga irin tamu zai gane fuskokin nan, mutanen da suka yi noma shekara guda amma kuɗin ya tsaya a littafin wani. Akwai ɗan'uwansu, ɗan fasto, mai kiɗan jita, wanda ubansa ke yi wa kashedi cewa kiɗan nan yana kiran shaiɗan. Nan ma ba sai an yi wa Bahaushe bayani ba. Mun san abin da ake faɗa kan goge da garaya, da waɗanda ake cewa suna sauka idan kiɗa ya yi daɗi. Kuma matar da ta fi kowa hankali a fim ɗin, mai magani da laya, Wunmi Mosaku ce ta fito a matsayinta, wadda aka haifa a Zariya.

Dokar masu shan jinin fim ɗin ita ce ba sa iya shiga gida sai an ce su shigo. Sai ka ga dodo tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, yana lallashi, yana alkawarin zumunci da daidaito, yana jiran a amsa masa sallama. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin mu nan mun ga masu daɗin baki da suka zo da alkawarin aljanna suka kwashe samari daga Kolofata zuwa Fotokol. Amma wurin da nake so mai karatu ya riƙe wani ne. Da tsoro ya kama mutanen cikin gidan rawar, kowa na zargin kowa, sai aka kawo tafarnuwa, wadda masu shan jini ba sa jurewa, aka ce kowa ya tauna, wanda ya kasa shi ne. Gwaji mai sauƙi, kuma ba ya kuskure. Kafin nan kuwa sun tsinci wani mutum kwance cikin wani abu ja, suka ɗauka an cije shi, suka kinkime shi suka jefa waje suka rufe ƙofa. Daga baya suka gane giya ce ta zube masa, barcin maye yake yi. Ya farka a waje yana bugun ƙofa, wani mai shan jini da ke waje kuwa ya far masa. Minti kaɗan ne a fim ɗin, mutane da yawa ba su ma tuna wurin. Ni kuwa a nan na ji jikina ya yi sanyi, don na san wadda aka taɓa jefawa waje haka.

Muna kiranta Goggo. Tana tuyar ƙosai a bakin lungunmu tun ina ɗan makarantar allo, ba ta da ɗa a raye, mijinta ya daɗe da rasuwa. Idonta ɗaya yana da yana, kuma tana da ɗabi'ar yin magana ita kaɗai idan tana juya ƙosai a kasko. Wata damina yarinyar gidan da ke kallon kaskonta ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Dare na biyu ta fara sambatu, a cikin sambatun ta ambaci Goggo. Wa za ta ambata, tunda kullum da safe ita take fara gani? Kafin hantsi magana ta gama unguwa, an kama kurwar yarinya. Ina tsaye aka zo da ita. Kaskon na kan wuta, ƙosai na ƙonewa, wata mata ta fizge mata ɗankwali, furfurarta ta bayyana a gaban yaran da ta goya iyayensu. Aka ce sai ta tsallaka yarinyar sau uku. Tana kuka tana cewa, "'Ya'yana, ku ji tsoron Allah, ni ce fa." Ta tsallaka. Da yamma wani kawun yarinyar ya zo daga aiki ya ɗauke ta a mashin ya kai asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, aka sa mata ruwa da allurai, ta tashi. Kun san abin da unguwa ta ce? An ce ai tsallakawar ce ta yi aiki. Da yarinyar ta mutu kuma, da an ce Goggo ta riga ta cinye. Ta kowace hanya ta faɗi. Ni ma ban ce uffan ba ranar, ina da shekara ashirin da wani abu, kuma ina tsoron a ce na ci ƙosanta da yawa.

Wannan shi ne bambancin dodon Turawa da namu. Nasu baƙo ne, yana da fiƙa, tafarnuwa na korarsa, rana na ƙone shi. Namu maƙwabci ne, kuma galibi tsohuwa ce marar gata. Ba a taɓa jin an kama matar Alhaji mai mota uku da maita ba. Babu tafarnuwar da ke raba maye da wanda ba maye ba, sai sambatun mai zazzaɓi da tsohuwar gaba. Fulanin nan suna cewa mistiriijo, kuma Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta yi littafi sukutum da wannan suna a 2013 kan macen da aka ɗora wa cin kurwa. Dokar ƙasa ma ba ta tsame hannunta ba. Sashe na 251 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 da tarar sefa 5,000 zuwa 100,000 kan aikin maita ko sihiri da zai iya tada hankalin jama'a ko ya cutar da wani. Ina so a nuna mini yadda alƙali ke auna shaidar kurwa.

Saboda haka idan akwai fim ɗin ban tsoro da ya kamata iyaye su sa wa ido, ba na mai akwatin gawa ba ne. Namu ne na gida, waɗanda ake tura mana a waya daga Najeriya da kudancin ƙasar nan, inda kishiya ko uwar miji ko tsohuwar ƙauye ke rikiɗa ta zama mage da dare, a ƙarshe a yi addu'a ta fito tana tonon asirin kanta. A irin waɗannan ba a taɓa zargin tsohuwa a ga ba ita ba ce. Yaro ya kalli Nosferatu ya ji tsoron inuwa kwana uku, ya wuce. Ya kalli waɗannan sai ya fara kallon mai ƙosai.

Yanzu ga waɗanda Baffa ya wanke. Abin da ya fi cika rumfar nan, bayan ƙwallo, shi ne fim ɗin 'yan sandan Indiya mai fassarar Hausa. Singham tun na 2011 har wanda ya fito a 2024, da Simmba na 2018, da ire-irensu da ba su ƙirguwa. Tsarinsu ɗaya ne. An nuna maka mugu yana aikata laifin da idonka, don haka ba ka da shakka. Kotu ba ta da amfani, lauya maƙaryaci ne, mai maganar haƙƙin ɗan Adam abokin ɓarayi ne. Sai jarumi ya cire bel ya shiga duka, kiɗa na tashi. A Simmba har kashe waɗanda ake tuhuma aka yi a cikin caji ofis, aka shirya abin ya zama kamar kare kai ne, kuma an tsara fim ɗin don ka yi tafi. Ana tafin kuwa. Na ga yara suna tsalle kan benci suna cewa a ƙara masa. Kyamara ita ce tafarnuwar wannan fim: ta riga ta nuna maka mai laifi, saura hukunci. Amma a kasuwa, ranar da aka yi ihun ɓarawo, babu kyamarar da ta nuna wa kowa komai. Mutum ɗaya ya nuna yatsa, ɗari suka ɗauki dutse, kuma rabinsu ba su san ko waya aka sata ko mashin ba.

Na san dalilin tafin, kuma ba na raina shi. Mutanen arewacin Kamaru sun sha wuyar zargina, masu tare hanya, shekara da shekaru, har sai da gwamnati ta kafa rundunar sojojin ko-ta-kwana ta BIR a 2001 musamman saboda su. Makiyaya a Adamawa da Mayo Rai sun sayar da garke don fansar 'ya'yansu daga masu garkuwa. Wanda aka ƙwace wa mashin ɗin da yake ci da iyali da shi, ya kai ƙara, ya ga ɓarawon a gari bayan sati biyu, ba za ka hana shi jin daɗin ganin ana dukan mugu a talabijin ba. Ni ma ina jin daɗin, ƙarya ne in ce ba na ji. Sai dai mai neman ramuwa kullum yana ganin kansa a matsayin mai bel. Ba ya kawowa a ransa cewa wata rana shi za a nuna da yatsa.

Akwai fina-finan laifi da ke juya maka kujerar, su ne nake kare wa. Rebel Ridge na 2024 yana farawa da wani tsohon soja baƙar fata a kan keke, ɗauke da dala 36,000 na Amurka, sama da sefa miliyan 20, zai je belin ɗan'uwansa da wani ɓangare, ya ja jari da sauran. 'Yan sandan wani ƙaramin gari suka bangaje shi, suka caje jakarsa, suka ce suna zargin kuɗin ƙwaya ne, suka riƙe. Ba su tuhume shi da komai ba, kuɗin suka tuhuma, kuma dokar can ta ba su dama. Daren da aka sa shi a rumfa, wurin ya yi tsit. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni, mai zuwa saro kaya, ya ce a hankali, "Ashe har can." Ba wanda ya tambaye shi me yake nufi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kuɗin shanu a aljihu ya bi hanya mai shinge goma ya san yadda zuciya ke bugawa idan an ce sauko da jakarka. Kuma jarumin, duk da ƙarfinsa, yawancin faɗansa ƙwace bindiga ne ya zare harsashi ya yar. Abin da yake nema shaida ce da zai fitar. Drishyam na Indiya ma, na 2015 da ci gabansa na 2022, yana da wannan ɗanɗanon: ka ga 'yan sanda na dukan mutum da matarsa da 'ya'yansa don su amsa, kuma wannan karon a gefen waɗanda ake duka kake zaune.

Za a ce mini fim fim ne, ba wanda ya jefi ɓarawo don ya kalli Singham, kuma an yi zargin maita tun kafin a ƙera talabijin. Gaskiya ne. Waɗanda suka cire wa Goggo ɗankwali yawancinsu ba su taɓa shiga gidan kallo ba. Ban ce fim ne ya haifi halin ba. Cewa na yi yana yi masa ban ruwa, dare bayan dare, a kan dala ashirin. Kuma abin mamaki, maganin yana cikin karatun da Baffa ya fi ni sani. A Suratul Hujurati aka ce mu nisanci yawan zato, aka ce idan fasiƙi ya zo da labari mu bincika. A Arba'una Hadisi muka haddace cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Fim ɗin da ke koya wa yaro cewa zargi ya isa hujja ya fi saɓa wa wannan karatu fiye da gawar Bature mai gashin baki.

Na taɓa roƙon mai rumfar ya sa Daratt, na Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Cadi, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis a 2006. Maƙwabtanmu ne, fuskokin irin namu, ƙurar irin tamu. Gwamnati ta yi wa masu laifin yaƙi afuwa, sai wani tsoho makaho ya miƙa wa jikansa bindiga ya ce ya je Njamena ya kashe wanda ya kashe ubansa. Yaron ya same shi, ashe mai gidan burodi ne, yana raba wa yara sadakar burodi da safe. A nan babu ma shakka, shi ne ya yi kisan. Yaron ya kama aiki a wurinsa, bindiga na jikinsa, yana koyon kwaɓa fulawa a hannun da ya maishe shi maraya. A ƙarshe ya kai shi gaban kakan a cikin sahara, ya harba sama, ya bar makaho da zaton an gama. Mai rumfar ya sa shi don kunyata. Kafin rabi benci biyar sun tashi, wani yaro ya tsaya a ƙofa yana neman a maido masa dala ashirin ɗinsa, wai ba a yi faɗa ba.

Hukuncin Jauro dai ya tsaya kamar yadda aka so. An hana fim ɗin masu shan jini a unguwa, an ce yaron da bai kai sha biyar ba kada a gan shi a rumfa bayan isha'i, wanda ni ma na sa hannu a kai. Daren ranar na wuce ta wurin zan sayi kati, na ji kiɗan Singham da tafi har titi. A bakin lungu, inda kaskon Goggo yake a da, wani saurayi ne yanzu ke sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a kwalabe. Ita ta koma wajen danginta ta hanyar Pitowa wata biyu bayan abin, don ba mai sayen ƙosanta. Yarinyar da ta tsallaka tana da 'ya'ya uku.